Katin Rigakafin Duna

Kontagora,
Talata, 10 ga Yuni.

Zuwa ga Yayana Haggai,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taka? Yaya matarka Alice da jikoki, da aikin shuka? An ce ruwa ya sauka sosai a Dukku, mun gode wa Allah. Na san za ka ce Salome ta fara dogon rubutun nata. Laifin kunnenka ne. In na kira ka a waya sai na yi ta ihu duk unguwa ta ji, maganar nan kuwa ba ta unguwa ba ce. Shi ya sa na ba Haliru direba wannan takarda ya kawo maka.

Yaya, Duna ya ciji mutum. Karen nan da ko kaza ba ya kora, wanda mijina marigayi Fidelis ya kawo min yana ɗan mitsitsi a cikin kwali.

Ka tuna Mu'minat, matar maƙwabcina Malam Bashiru, mai yin kek da cincin na biki? Tun da na yi ritaya daga laburare na jera littattafaina a falo, ita ce mai aro ta farko. Littattafan girke-girke kaɗai ina da ɗari da arba'in, ita ke girkawa, ni kuwa karantawa nake yi kamar labari, don rabin kayan haɗin ko sunansu ba a taɓa ji a kasuwarmu ba. Jiya ta shigo, ta miƙa hannu kantar sama, ashe Duna na kwance a ƙarƙashi. Ta take masa wutsiya, ya kai mata cizo a idon sawu. Jini ya fito. Na wanke mata da sabulu har ta ce zan saɓe mata fata.

Tana da juna biyu, wata biyar. A asibiti an ce a yi mata allurar haukan kare, an kuma tabbatar mata ba ta taɓa ciki, amma tsoro ya hana ta. Mijinta ya zo ya tambaye ni ko an yi wa karen rigakafi. Na ce masa duk watan Maris nake kai shi, ban taɓa fashi ba. Ya ce in dai Malama ce ta faɗa, shi ke nan, matar da ta shekara talatin da biyu tana buga tambarin kwanan wata a littattafai ba za ta ruɗe ba. A kan maganata suka fasa allurar.

Likitan dabbobi ya ce in ɗaure Duna kwana goma a ga yadda zai yi, in kuma kawo masa katin rigakafin. To katin ne ban gani ba. Ka san ɗabi'ata, kowace takarda a littafin da ya dace da ita nake ajiyewa. Na buɗe littafin kiwon karnuka, wayam. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Salome.

Kontagora,
Alhamis, 12 ga Yuni.

Yayana,

Ina fata kun tashi lafiya, kai da iyali duka. Ni dai ga ni nan.

Na samu katin, da ma ban samu ba.

Kwana biyu ina sauke littattafai, kanta bayan kanta, ina kama kowane ta ƙeya ina girgizawa, abin da in na ga ɗalibi ya yi a da sai na kore shi daga laburare. Littafi dubu biyu da wani abu, falon ya koma kamar an yi kwance. Me ban gani ba? Takardar baftismar 'yata Vivian, busasshen ganyen zogale, hoton aurenka da kake cewa na ɓatar. Yau da hantsi katin ya faɗo daga wani littafin miyar kifi. Shi nake karantawa a kan benci ranar da na kai Duna wurin likita, na sa katin ya zama alamar shafi.

Yaya, tambarin ƙarshe na Maris ɗin shekaru biyu da suka wuce ne. Na goge tabarau na sake dubawa, na fita tsakar gida na duba a rana. Bara babu, bana babu. Sai da na zauna na tuna: Maris ɗin bara muna asibiti da Fidelis, bana kuwa, wallahi a raina na kai shi. Ina ganin bencin, ina ganin rigar da na saka, ashe tsohuwar tafiya nake tunawa. Ni da nake yi wa mutane gori a kan jinkirin kwana ɗaya wajen dawo da littafi.

Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa fasto ba. Na mayar da katin cikin littafin, na mayar da littafin kanta, na ce a raina ba wanda zai sani. Duna lafiyarsa ƙalau, yana cin tuwonsa, yana shan ruwa, na kai masa kwano ya fi sau goma ina leƙen bakinsa ko da dalala. Saura kwana bakwai. In na yi shiru suka wuce lafiya, an rufa asiri. In na yi magana, samarin unguwar nan da ma haushinsa suke ji, ba za su jira likita ba, da sanda za su zo. Shi kaɗai ya rage min mai motsi a gidan nan.

Amma ɗazu Mu'minat ta leƙo ta katanga, tana ɗingishi, ta miƙo min cincin a leda, wai kada in damu kaina. Na karɓa, na kasa haɗa ido da ita. Likitan ya ce ciwon nan in ya nuna a jikin mutum ba shi da magani, kuma kowace rana da aka yi jinkiri hasara ce. Rai biyu, a kan bakina.

Ba shawara nake nema ba, kafin amsarka ta zo lokaci ya ƙure. Na rubuta ne don in na gaya maka ba zan iya janyewa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da na miƙa wa Haliru wannan, gidan Malam Bashiru zan shiga da katin a hannu.

Taka,
Salome.

Kontagora,
Juma'a, 20 ga Yuni.

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Alice. Na ga saƙonka da ƙullin daddawa, Allah ya saka. Ka ce in ci abinci, ina ƙoƙari.

Na je. Malam Bashiru ya karɓi katin, ya duba tambarin. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Mashin kawai ya tayar, ya ɗauki matarsa zuwa asibiti, ni na bi su a wani. An yi mata allurar farko a ranar, ta karɓi uku yanzu, saura na gaba. Likita ya yi faɗan jinkirin, na ce da ni zai yi, ba da su ba. An duba cikin, yaro na motsi.

Samarin sun zo kamar yadda na zata. Malam Bashiru ne ya tsaya a ƙofata ya ce ba mai taɓa karen sai kwanakin likita sun cika, don lafiyar karen ce za ta kwantar wa matarsa da hankali. Kwana bakwai na yi ina kallon Duna kamar tukunya a wuta. Ya yi atishawa, na ruga leƙen bakinsa. Ya ƙi cin ƙashi ranar Lahadi, na kasa zuwa coci. Jiya kwana goma suka cika, likita ya duba shi ya ce lafiya lau, ya yi masa rigakafin, ya buga tambari a gabana.

Da yamma Malam Bashiru ya zo da mai unguwa. Cikin ladabi suka yi magana, har da cire takalmi. Ya ce ba ya riƙe ni a zuci, amma matarsa ba ta iya wucewa ta ƙofata, da ta ji haushi sai jikinta ya hau ɓari, ga kuma yara a layin. Roƙo ɗaya suka zo da shi, karen ya bar unguwa. Na buɗe baki in ce ai ba laifinsa ba ne, wutsiyarsa aka taka, sai na tuna laifin wane ne. Na ce na amince.

Don haka ga Duna nan tare da wannan takarda, Haliru ya yarda ya sa shi a gaban mota. Katin na cikin ambulan, ka ba Alice ta ajiye, kada ka dawo min da shi. Duna ba ya cin abu mai albasa, tana yi wa karnuka illa, ka faɗa wa jikokinka masu jefa masa ragowar miya. Tuwon dawa da romon ƙashi ya fi so, a bari ya huce. Yana tsoron tsawa, in hadari ya haɗu ka bar shi ya shiga ɗaki, ko da Alice za ta yi mita. Ranar kasuwa kuma ka sa ido, na san yadda karnuka ke ɓata a wajenku.

Ka ɗaure shi sati guda, da igiya mai ƙwari, don zai nemi hanyar gida. Na ba mutanen nan alkawari, kuma ba ni da wata magana da ta rage da za su yarda da ita sai wannan. In ya tsinke ya zo ya tsaya a ƙofata, Yaya, ni ce zan kore shi. Don Allah kada ka bari a kai ga haka.

Ka gaishe min da kowa da kowa.

Ni ce ƙanwarka,
Salome.