Ciyawa a Bayan 'Yan Wasa

Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da uwargidanka Inna da duk mutanen gida. Yaya shago, yaya kuma idon?

Yau shekara tara da wata huɗu rabona da gida, kuma cikin waɗannan shekarun ko layi ɗaya ban taɓa rubuto maka ba. Ba mantuwa ba ce. Har yanzu ina tuna ranar da na dawo daga filin wasa da hotuna goma sha biyu, ka yayyaga su a kan kanta gaban masu jiran hoton fasfo, ka ce ƙwallo ta je gida ta yi wanka kafin in danna kyamara. Daga ranar sunana ya koma Latti, har mai gyaran agogon da ke kusa da mu da shi yake kirana. Da wannan a raina na bar shagonka. Amma ba zan zalunce ka ba: duk abin da nake ci da shi a nan, a hannunka na koye shi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ina ɗaukar hotunan wasan ƙwallo, ina ba wani kamfani da ke sayar wa jaridu. Ni ba ma'aikacinsu ba ne. In akwai wasa su kira ni, in babu in zauna a ɗaki ni da bango. Yanzu sun buɗe gurbi ɗaya na dindindin, mu shida ke nema, kuma sun ce daga kakar wasa mai zuwa sun daina kiran 'yan bi-ta-wasa irina. Edita, wata mace da ba ta ɓarnar magana, ta ce kowa ya kawo hotuna goma nan da wata uku. Shekarata arba'in da uku, Maigida. In wannan ƙofar ta rufe, ban san wadda zan ƙwanƙwasa ba.

Na yi ta kallon hotunana har na daina gane mai kyau da maras kyau. Abokan aikina duk wanda na nuna wa sai ya ce madalla, alhali shi ma gurbin yake nema. Mutum ɗaya na sani a duniya da ba zai ji nauyin gaya mini cewa aikina shara ne ba.

Na wanke guda talatin na haɗo da wasiƙar nan, tunda na san ba ka kallon hoto a waya. Na sa wa kowanne lamba da kwanan wata a bayansa, yadda ka saba mini. Ka zaɓa mini goma. Ba yabo nake nema ba, na san ba a sayar da shi a shagonka.

Ka gaida Inna. Allah ya ƙara lafiya.

Tsohon almajirin aikinka,
Latti

*

Latti,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, ita ma a makare, da shekara tara. Muna lafiya. Ido na hagu ya tafi hutu, na dama yana aiki da taimakon tabarau. Innarku tana amsawa, ta ce ko ka yi ƙiba.

Na rufe shago rabin yini na baje hotunanka a kan kanta. Saurara.

Lamba huɗu, gola a sama, yatsunsa sun taɓa ƙwallo har ta lotsa. Wannan ba ka makara ba. Kada ka saba da jin haka daga bakina.

Lamba tara, ƙarti biyu sun yi tsalle suna gware, babu ƙwallo ko'ina. Hoton ƙwallo da babu ƙwallo a ciki rigima ce kawai. Cire shi.

Lamba goma sha uku, sandar fitila ta tsiro daga tsakar kan alƙalin wasa. Taku ɗaya za ka yi gefe ka raba shi da ita. Lamba goma sha shida, ɗan wasa ya ci ƙwallo yana murna, ka ɗauko mana ƙeyarsa da lambar rigarsa. Uwarsa ma ba za ta saya ba.

Amma duk wannan ba shi ya hana ni buɗe shago ba. Da na jera su bisa kwanan wata, sai na ga abu. Daga na ɗaya zuwa na goma sha takwas, abin da ke bayan 'yan wasa shi ne 'yan kallo, rufin rumfa da sararin sama. 'Yan wasan sun fito ƙatta, ƙafarsu ta bar ƙasa, domin kai kana zaune can ƙasa kana kallonsu sama. Daga na goma sha tara, wato daga watan uku na bana, babu komai a bayansu sai ciyawa. Sun zama ƙanana, har sanƙon wani nake gani. A tsaye ka ɗauki guda goma sha biyun nan, duka.

Ni na koya maka zama a bakin layi har gindin wandonka ya huje. Mutum ba ya mance wannan. Kuma kai taurin kai gare ka, ba lalaci ba. Saura abu ɗaya: ba ka iya zama. Na ƙara dubawa, na ga layin fili ya ɗan karkata gefe guda a cikinsu duka, irin na wanda ya ɗora nauyinsa a ƙafar hagu. Ke nan ta dama ce.

Me ya sami gwiwarka?

Mahaifiyarka ta biyo ta shago makon jiya, ta ce kun yi waya, kana nan garau. Ban ce mata komai ba. Amma ba zan zaɓa maka ko ɗaya ba sai ka amsa.

Allah ya tsare.
Maigidanka

*

Maigida,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya.

Da na karanta wasiƙarka jefa ta na yi bayan kabad, ta kwana uku a can. Wata bakwai ina ɓoye abin nan. Wanda muke haya gida ɗaya da shi bai sani ba, abokan aikina ba su sani ba, sai kai da ido ɗaya da tabarau, daga wata duniya.

Ta dama ce. Ina zaune a 'yar kujerata bayan allon talla, kusa da tutar kusurwa, wani ɗan baya ya zo da gudu zai tare ƙwallo, santsi ya kwashe shi, ya tsallake allon ya sauka a kan gwiwata. Ba laifinsa ba ne. Bayan an tashi ma ya zo ya ba ni haƙuri, ni kuwa na yi ta dariya ina cewa ba komai, don kada mai kula da 'yan jarida ya rubuta sunana. Sai da filin ya watse na ja ƙafa zuwa tashar bas.

Likita ya duba hoton ƙashin ya ce wani abu ya yage a ciki, sai an yi aiki, in kwanta wata uku.

Na ce, “Likita, in na kwanta mako uku wani zai zauna a kujerata.”

Ya ce, “To ka zaɓa, kujera ko ƙafa.”

Na zaɓi kujera, sai ga shi ita ma ba na iya zama a kanta. Minti goma in na naɗe ƙafar, ji nake kamar ana murɗa ƙusa a ciki. Miƙe ta kuma ba wuri, allon talla na gabana. Shi ya sa na riƙa roƙon a tura ni ƙananan filaye inda ba a hana tsayuwa, ina cewa na fi son su. Akwai wani abokin aikina, Gajere, shi ko a tsaye yake kusan a zaune yake. Ran nan ya dube ni ya ce, “Baba, an ƙara tutar kusurwa ta biyar ne?” Na yi dariya tare da shi. Shi ma yana cikin mu shida, kuma hannunsa yana da kyau, ba zan ɓoye ba.

Yanzu ka ji. In Edita ta san ƙafata ta lalace, zance ya ƙare, babu mai ɗaukar gurgu aikin gudu a bakin fili. Da zan iya, da na tura mata goma daga cikin sha takwas na farko. Amma ta ce rabi dole su zama na bana. Don Allah ka duba cikin sha biyun nan ka ciro mini biyar da ciyawarsu ba ta cika tona asiri ba. Iyakar abin da nake roƙo ke nan. Mahaifiyata kuwa ka bar ta yadda take, hawan jininta ya ishe ta.

Na gode da ba ka gaya mata ba. Ka gaida Inna, ka ce mata ban yi ƙiba ba.

Latti

*

Latti,

Bayan gaisuwa. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce.

Ba zan ciro maka biyar ba, domin babu su. Ita Editar taku makauniya ce? Abin da na gani a kan kanta, ita tana ganinsa kullum a teburinta. Bambancin kawai, ni na san ka, na ce ciwo ne. Ita ba ta san ka ba, za ta ce ka fara raina aiki.

Matsalar tsayuwa ita ce ba ƙasa kake ba, ba sama ba. Tsayin idon kowa ne, abin da mai sayar da tikiti ma yake gani. Tunda ƙasa ta gagare ka, hau sama. Can layin ƙarshe na rumfar 'yan kallo, daidai tsakiyar fili ko saman raga. Ka nemi wasan yamma, lokacin da rana ta karkata inuwar mutum ta ninka tsayinsa. Daga can ciyawar da ta kunyata ka za ta zama shimfiɗa mai tsabta, babu sandar fitila, babu allon talla. Ka ɗauki mutum da inuwarsa da ƙwallo. Ka ɗauki dogon gilashin kyamara mai jawo nesa, ka ɗora shi a sanda. Daga sama kana ganin inda ƙwallo za ta je kafin a buga ta, don haka ka ajiye idonka a kan wanda zai karɓa, ba a kan mai bugawa ba. Shekarar da na faɗo daga babur haka na yi kaka guda. Matakala za ta ba ka wuya, amma sau ɗaya za ka hau, ka zauna ka miƙe ƙafarka yadda kake so.

Na san ba a hawa can da kyamara sai da takardar izini, kuma a hannun Editar take. Ke nan sai ka gaya mata dalili. Eh, abin da nake nufi ke nan.

Maganar hotuna goma sha biyu da na yaga. Munana ne, ko yau ka kawo su zan yaga. Amma a ɗakin baya ya kamata in yi, ni da kai, ba gaban mutane ba. Na daɗe da sanin haka. Ka yafe mini.

Mahaifiyarka kuma, gara ta ji daga bakinka.

Maigidanka

*

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna.

Na gaya wa Edita. Ta ajiye biro ta ce, “Ni na ɗauka aikin ne ya fita ranka. Har na ja layi a kan sunanka.” Ta ba ni izinin wasa ɗaya.

Matakala ɗari da goma sha biyu ce, na hau cikin minti ashirin da biyar. Da na zauna na leƙa ta kyamara, Maigida, shekara ashirin ina bakin fili ban taɓa ganin wasan ƙwallo ba sai ranar.

Gurbin dindindin Gajere aka ba. Ya cancanta, na je na miƙa masa hannu na yi masa murna. Ni kuma Edita ta rubuta mini takarda: duk wasan gida na kaka mai zuwa, kujerar sama tawa ce. Za a yi mini aikin gwiwa a hutun ƙarshen kaka. Na kira mahaifiyata na gaya mata, ta yi kuka, ta gama ta wanke ni tas.

Na yafe, kai ma ka yafe mini shirun da na yi. Ban san da wane baki zan gode maka ba, kuma na san in na tsawaita za ka ce na cika surutu. Allah ya saka da alheri, ya bar maka idon dama.

Naka,
Latti

Ga lissafin wasan. Na ɗauki hoto dubu ɗaya da ɗari biyu da sittin. Na goge duka sai tara. Na sake duba taran yadda za ka duba, na cire biyar. Huɗu suka tsira, suna cikin ambulan ɗin nan.