Matar da Ba Ta Cikin Takarda

Busan, 3 ga Maris

Zuwa ga Uwargida Seo Malsun,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ni ne Pyo Jinuk, ɗan marigayi Pyo Dokbe. Mun ga juna a wurin jana'iza, amma ba mu samu zama ba.

Shekara bakwai da suka wuce mahaifina ya sayar da gidanmu, ya kama ɗaki a Gidan Dattawa na Gindin Tudu, ya ba su ajiyar kuɗi har won miliyan ɗari biyu, bisa sharaɗin za a mayar wa magajinsa idan ya rasu. Manajansu, No, ya shaida mini ba za su saki ko sisi ba sai an bar musu ɗakin, kuma ke kin ƙi fita, alhali sunanki ba ya cikin takardar haya. Ina roƙonki ki nemi wani wurin kafin ƙarshen wata. Ni makanikin jirgin ruwa ne, jibi za mu tashi. Ki aika amsa ofishin kamfaninmu, za su isar mini.

Naki cikin girmamawa,
Pyo Jinuk

Gyeongju, 11 ga Maris

Jinuk,

Gaisuwarka ta iso. Lafiyata lau, ban da gwiwa. Maganarka irin ta ubanka ce sak, a miƙe kamar sanda.

Tunda ba ka san ni ba, bari in gaya maka. Shekara arba'in na yi ina sayar da kifi a Pohang, da na rufe rumfa na kama ƙaramin ɗaki a nan. Ubanka ya yi wata shida yana zama kusa da ni wurin cin abinci yana kushe miya, kafin ya iya faɗin abin da ya kawo shi. Shekara biyar ke nan da muka yi aure a zauren gidan nan, muka rusuna wa juna a gaban jama'a, na saki ɗakina na koma nasa. Ya rubuta maka, ba ka amsa ba. Ya so mu je ofishin gwamnati a rubuta auren, ni na ƙi, don kada ka ce tsohuwa mai ƙarnin kifi ta zo cin gadonka.

Har yau ba na son kuɗinka. Amma No ya ce mini kai ka yi waya ka ce a kira 'yan sanda su fitar da ni. Tun Litinin suka karɓe katina na abinci, maƙwabciyata ke raba shinkafarta biyu. Kafin ka gaskata shi, ga lambar 'yar marigayi Bang na ɗaki na tara. Su cikin kwana uku suka kwashe kayansu. Tambaye ta ko ta ga kuɗin.

Ka kula da kanka a ruwa.
Malsun

Singapore, 2 ga Afrilu

Uwargida Seo,

Ina gaishe ki, kuma ina neman afuwa. Ban taɓa ambaton 'yan sanda ba. Da na karanta zancen katin abinci, ranar kasa cin nawa na yi.

Na kira 'yar Bang. Shekara biyu tana zarya, kashi ɗaya cikin uku suka ba ta, wai sauran ya tafi a gyara. Ɗakin kuwa fenti kawai suka shafa, suka sa wani a ciki a kan ninki biyu na kuɗin ajiyar. Ashe da ni da ke duka ake shirin yi wa wayo.

Na ɗauki lauya, sunanta Ham Yerin. Ta sa sun mayar miki da katin, kuma ta shigar da ƙara da sunanmu mu biyu. Ta ce matar da ta zauna da mutum zaman aure, ko ba a rubuta ba, tana iya gadon haya tare da magajinsa. Masu gidan kuwa sun ce ke baƙuwa ce da ke leƙo Baba. Kina da wata shaida?

Wasiƙar Baba ta same ni a lokacin. Haushin gidan da ya sayar ya sa ban buɗe ta ba sai bayan shekara, daga nan kuma kunya ta hana ni amsawa.

Naki,
Jinuk

Gyeongju, 29 ga Mayu

Jinuk,

Gaisuwa mai yawa. Kaico da kana tsakiyar teku jiya! Zauna in ba ka labari.

Mu goma sha ɗaya daga gidan nan muka tafi zaman sulhu a kotu, har da masu sanda da mai keken guragu. No ya hana mu motar gidan, muka hau bas, direba yana tambaya ko biki za mu.

Lauyansu ya miƙe ya ce ba su san da wani aure ba. Yerin ta ajiye rasit na shekara biyar, kowane wata kuɗin abinci da wuta na mutum biyu. Ya ce ai baƙo ma yana cin abinci. Sai alƙaliya ta juyo ta ce, "Kaka, kina da abin faɗi?"

Na ce, "Ina da abin nunawa."

Na warware kalandar da gidan ya buga don talla shekara huɗu da suka wuce. Ga ni ga ubanka cikin kayan aure, ga No a tsakaninmu yana washe baki. A ƙasa sun rubuta: "Ma'auratanmu na farko."

Alƙaliya ta ce, "Manaja, wannan kai ne?"

Ya ce, "Kama ce."

Tsoho Gu, ɗaya daga cikinmu, ya ɗaga murya daga kujerun baya: "Kama? Ni na ɗauki hoton, sau uku ka ce in sake don sanƙonka yana ƙyalli!"

Har mai gadin ƙofa sai da ya juya baya yana dariya.

Ba su kai la'asar ba suka sa hannu. Zan zauna a ɗakina iya rayuwata. Kuɗin za a ajiye a banki da sunanka cif, ba za su taɓa ba. 'Yar Bang ta zo ta saurara, ita da wasu iyalai uku sun riga sun tare Yerin a bakin ƙofa. Da na dawo sai na rufe ɗaki na yi kukan da ban samu yi ba tun ranar jana'iza.

Na san wannan ya sa kuɗinka za su jira ni, kuma matan danginmu suna kai shekara casa'in. Ka yi haƙuri. Saura sa hannunka a sabuwar takarda. Akwai layin wanda za a kira in wani abu ya same ni. Na bar shi fili, ban taɓa haihuwa ba.

Ka dawo lafiya.
Malsun

Busan, 20 ga Yuni

Mama,

Na sauka lafiya, ina gaishe ki. Yau na je ofishin Yerin na sa hannu. Kuɗin su jira, ki kai ɗari ma.

Na cike layin nan da sunana da lambata. Inda suka tambayi dangantaka, na rubuta "ɗa". In kina da ja, ki kai ni ƙara, amma ki ba ni lokaci in nemi lauya mai ƙarfi.

Ɗanki,
Jinuk