Tayoyin Damina Sun Ƙi Geji

Dutsin-Ma, daren Laraba, Agusta 1985

Barci ya ƙi zuwa. Gobe da sassafe zan kai matata Hadiza goyon ciki gidansu a Ɗantutture, ga hanyar Kurfi duk ruwa ya cinye ta. Shi ya sa yau na kwance tayoyin akori-kurata na ɗaura na damina, waɗanda na saya da rim ɗinsu, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, wajen wani direba. Sai ga fitina. Bawul ɗinsu, inda ake hura iska, gajeru ne, sun shige cikin rim, bakin gejina na awon iska ya ƙi kama su. In na danna sai iska ta yi ta huci, allurar kuwa ko motsi.

Na kai wa Baba Sunday mai faci, shi ma nasa gejin ya ƙi. Ya ɗauki sifana ya bubbuga kowace taya, ya ce, "Direba, iska ta yi, je ka abinka." To ni kunnena da ƙarar tsofaffin tayoyina ya saba, waɗannan ban san muryarsu ba. Kuma shi ai ba matarsa zai ɗauka ba.

Inna ta ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma ɗazu na fita da tocila na tofa yawu a kan kowane bawul, in ga ko iska na fita. Uku shiru. Na tayar gaba ta dama ya tayar da 'yar kumfa, ƙarama kamar ƙwayar gero. A gefen nan Hadiza za ta zauna.