Kunama Ce, Ba Inna Hassu Ba

Zuwa ga ƙanwata Ummi,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina nan ma ba ki isa shiga aji ɗaya ba, da ni zan karanta miki.

Baba ya koma aikinsa a kamfanin fata na Sharaɗa. Umma ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan. Akuyarki ta haihu.

Wadda ba ta da kwanciyar hankali ita ce Inna Hassu, maƙwabciyarmu 'yar Damagaram mai sayar da dambu a ƙofar kamfani. Ban taɓa gaya miki ba, haushi nake ji da kika fi son goyonta a kan nawa. Tun rasuwarki ba mai sayen abincinta, yara suna jifan ƙofarta. Gwaggo Lami ta ce ita ta kama miki kurwa, mai gidan haya kuma ya ce ta tashi.

Ummi, ni na ga kunamar. Kin sa hannu cikin tarin bulo da hantsi, kika ƙwalla ƙara, na take ta da takalmi. 'Yar ƙarama ce, ja-ja. Da yawu ya fara zubo miki, gumi ya karyo, jikinki yana karkarwa, Gwaggo ta ce wannan ɗan ƙwaron ba zai yi haka ba. Aka jawo Inna Hassu aka tilasta mata ta tsallake ki, tana kuka. Sai bayan la'asar aka kai ki asibiti.

Kin san ni, ko gaisuwa ciki-ciki nake yin ta. Amma na koma asibitin ni kaɗai, na tambayi sistar da ta karɓe ki. Ta ce shi dafin kunama, wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne da ido ba ya gani, kowanne da lanƙwasarsa kamar makulli. A jijiyoyinmu akwai ƙofofi masu buɗewa su rufe. Dafin yakan buɗe su ya hana su rufuwa, sai saƙo ya yi ta gudu ba tsayawa har zuciya ta gaji. Ta ce sau da yawa ƙaramar ta fi baƙar babbar mugun dafi, kuma jikin yaro ba ya jure abin da na babba zai jure. To ina maita a nan?

Na faɗa a gida. Gwaggo ta ce boko ya ɓata ni. Ajali ne, na yarda. Amma ajali ne ya ce a yi wa baiwar Allah ƙazafi?

Jiya da aka busa jiniyar tashi, ma'aikata suna fitowa daga kamfani, na je na zauna a bencin Inna Hassu na ci dambu a gabansu. Ba wanda ya matso. Da na dawo Gwaggo ta mare ni. Yau ma zan koma. Umma ce ta miƙo min kwanon da zan sayo dambu a ciki ɗazu.

Allah ya haskaka makwancinki.

Yayarki,
Saude