Shatin Yatsu a Kumatun Mama

Litinin, 3 ga Maris

Zanen gado huɗu na wanke kafin rana ta take. Igiyar shanya ta cika, na huɗun a kan ƙofar banɗaki na baza shi. Yatsuna duk sun tsattsage saboda sabulu.

Mama ta sha rabin kofin shayi, sauran ta tuttula a cikin takalminta. Da na sunkuya ina gogewa sai ta dafa kaina ta ce, "Baiwar Allah, ke 'yar wane gida ce? Kina da kirki." Shekara biyu ke nan tana ɗakin nan nawa, wata bakwai rabon da ta kira sunana. Ni ce 'yarta ta fari.

Keken ɗinki ko zare ban saka masa ba yau. Rigunan mawaƙan coci goma sha biyu suna jirana.

Laraba, 5 ga Maris

Bayana. Ba abin da zan rubuta yau sai ciwon baya.

Lahadi, 9 ga Maris

Maƙwabciya ta zauna da Mama, na samu na je coci. Bayan an tashi, matar fasto ta riƙe hannuna a gaban mata ta ce su dube ni su koyi yadda ake girmama iyaye. Na sunkuyar da kai kamar ina jin kunya. Tunda ba mai karanta wannan, bari in faɗa: daɗi na ji har cikin ƙashina.

Wa'azin fasto a kan adalcin kai ne. Wai duk kirkin mutum ba zai tsayar da shi a gaban Allah ba, sai dai ya jingina ga Mai Ceto. Na gyaɗa kai tare da kowa. A raina na ce da ma ƙanwata Auta tana nan, ita ya kamata ta ji. Aure biyu, fita biyu, shekarun da ta yi tana sha, sai bara ta lallaɓo ta dawo tana zama a bencin baya. Ni kuwa tun ina 'yar shekara goma ban taɓa fashin coci ba sai haihuwa.

Alhamis, 13 ga Maris

Auta ta zo daga gidan abincin da take aiki, tana ƙamshin albasa da turare. Tun daga bakin ƙofa Mama ta washe baki. "Autata! Ina kika shiga?" Ita ta gane ta. Ni da nake kwashe kashinta safe da yamma, baiwar Allah ce.

Da za ta tafi ta same ni a kicin.
"Yaya, ki bar mini kwana biyu a mako mana. Dubi idanunki."
Na ce ba ta san lokutan magani ba.
"Sai ki rubuta mini."
Na ce Mama ba ta son canjin hannu. Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Gaskiyar magana, ba na so a ce na kasa. Kuma ba na so a raba da ita.

Talata, 18 ga Maris

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Na shiga wanka, minti goma bai cika ba. Da na fito na tarar da Mama zaune a ƙasa da babban almakashina, ta yayyanka rigunan mawaƙa biyar da na gama. Filla-filla. Tana jera guntayen a kan tabarma tana 'yar waƙa. Na kama hannunta zan karɓi almakashin, ta ƙi saki, ta tofa mini yawu a fuska, ta zage ni da wata kalma da ban taɓa zaton ta san ta ba.

Na mare ta.

Ba ture ta na yi ba, ba kuskure ba ne. Na ɗaga hannu na mare ta da ƙarfina, har kanta ya juya. Almakashin ya faɗi. Ta dafe kumatu ta ɗago tana kallona kamar ƙaramar yarinya, ta ce, "Me na yi miki, baiwar Allah?"

Matar da ta goya ni. Shekararta tamanin da ɗaya.

Laraba, 19 ga Maris

Shatin yatsu huɗu, sun yi baƙi. Nas ta zo duba hawan jini ta tambaya. Na ce ta bugu da ƙarfen gado ne. Bakina ko rawa bai yi ba. Ta rubuta a takardarta, ta ce in riƙa sa matashi a gefen.

Mama ta manta. Ta ci shinkafarta tana yi mini murmushi. Da ma ta tuna, ta tsane ni, da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 23 ga Maris

Yau a coci aka ci Jibin Ubangiji, gurasar da ake rabawa don tunawa da mutuwar Yesu. Da faranti ya iso gabana na miƙa wa ta kusa da ni ban taɓa ba. Matar fasto ta gani. A waje ta tambaye ni ko lafiya, na ce cikina ne. Ƙarya ta biyu a mako guda.

Na yanke shawara: azumin kwana uku daga gobe, kuma zan sake ɗinka rigunan nan ba tare da kowa ya sani ba. Sai na gyara kaina kafin in sake miƙa hannu ga farantin nan.

Laraba, 26 ga Maris

Kwana na uku. Na durƙusa na yi ta magana, ji nake kamar da bango nake yi. Ina ta tuna wa Allah shekarun da na yi ina share coci, marasa lafiyar da na ziyarta, yadda na riƙe aurena har maigida ya rasu. Duk wanda na ɗauko sai in ga kumatun Mama a kansa.

Da rana jiri ya ɗebe ni wurin shanya, na faɗi da bokiti. Maƙwabciya ce ta ɗaga ni. Da Mama ta fita titi a lokacin fa?

Asabar, 29 ga Maris

Auta ta zo. Shatin ya koma ruwan ɗorawa amma yana nan. Ta duba, ta ɗora tafin hannunta a kai a hankali kamar mai gwaji, ta juyo ta kalle ni. Ban jira ta tambaya ba. Na faɗa mata duka a tsaye, a bakin kicin.

Na shirya wa zagi. Na ma so ta zage ni. Sai ta jawo kujera ta ce in zauna, ta haɗa mini shayi, ta tsaya a kaina sai da na shanye.

Na ce mata na yi azumi amma ban ji an yafe mini ba.
Ta ce, "Yaya, azumin na wanke marin ne?"
Na ce to me zan yi?
"Ni dai ban san wa'azi ba. Ranar da na dawo coci, warin giya nake. Ba ni da ko abu ɗaya da zan nuna masa. Na ce, Yesu, in ba ka karɓe ni haka ba, shi ke nan tawa ta ƙare. Ke matsalarki kina da abin nunawa da yawa."

Na ji haushi. Auta ce za ta koya mini? Na ce mata ruwan zafin Mama yana kan wuta, ta je ta sauke.

Amma maganar ta ƙi fita daga kaina.

Talata, 1 ga Afrilu

Da la'asar ina yanke wa Mama farce a baranda. Hankalinta a kwance, tana kallon tsuntsaye a kan waya. Matar nan shekara arba'in ta yi tana koya wa yara a coci. Ita ta koya mini addu'a, kalma bayan kalma, ina zaune a cinyarta. Na ce bari in gwada.

"Mama, mu yi addu'a?"
Ta buɗe baki, ta rufe. Ba ko kalma.
"Mama, kin san Yesu?"
Ta yamutsa fuska tana nema. "Wa? Ɗan wane gida ne?"

Na ajiye abin yankan farcen. Komai ya tafi ke nan. Shekara arba'in, waƙoƙin, ayoyin, kirkin da aka san ta da shi, yanzu sai zagi da tofa yawu. Idan abin da mutum ya tara ne zai tsaya da shi, Mama ba ta da sauran komai. Hawaye suka zubo mini a kan hannunta.

Ta leƙo fuskata ta ce, "Shi wannan ɗin da kika ce, ya san ni?"
Na ce, "Ya san ki, Mama. Ya san ki sarai."
"To ai shi ke nan," in ji ta. Ta miƙo mini ɗaya hannun.

Ni na ba ta amsar da bakina, ban ko yi tunani ba. Na tabbata da ita a kanta. Me ya sa na kasa tabbata da ita a kaina?

Juma'a, 4 ga Afrilu

Nas ta zo. Na raka ta har bakin titi na faɗa mata ba ƙarfen gado ba ne. Ta ce dole ta rubuta rahoto, kuma za ta riƙa zuwa sau biyu a mako ba tare da ta sanar da ni ba. Ta ce bai kamata a bar ni ni kaɗai da aikin nan ba. Na ce to. Na dawo ciki.

Na rubuta wa Auta lokutan magani a bayan kwali.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na kai riguna bakwai, na gaya wa shugaban mawaƙa sauran sai wani watan. Na roƙi matar fasto ta daina ba da misali da ni. Ta ce tawali'una ne ya sa. Na ce a'a, ranar Talata ta zo gida in ba ta labari. Ban san ko zan iya ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Jiya da shekaranjiya na Auta ne. Ta ba da maganin safe a makare da rabin awa, ta shimfiɗa zanen da ba na gadon ba. Na gani, na buɗe baki zan yi gyara, sai na fasa, na je na kwanta. Awa huɗu na yi ina barci da rana tsaka.

Yau da safe Mama ta kifar da kwanon abinci a kan zanen da na gama shimfiɗawa. Na daka mata tsawa har ta firgita. Hannuna bai motsa ba, amma tsawar ta fita, mummuna. Na fita baranda na tsaya. Na jira in ji ƙasa ta tsage da ni kamar wancan karon.

Abin da na ce kawai shi ne, "Ubangiji Yesu, ka gani. Ni ce dai. Ba ni da wani sai kai." Ban yi alkawarin komai ba. Na koma na durƙusa na ce Mama ta yafe mini. Ta ce ba komai, ta tambaye ni ko na ga akuyarta. Ba mu taɓa kiwon akuya ba. Na ce tana nan lafiya, ta ci ta ƙoshi.

Na buga wa Auta waya na faɗa mata. Ta ce za ta biyo bayan aiki.

Ba na ce wani abu ya canza ba. Bayana yana nan yadda yake, ga wanki a jiƙe. Wataƙila gajiya ce kawai ta sa na daina kokawa. Na dai zuba abinci na zauna kusa da ita, muka ci a kwano ɗaya, har na ƙara.