Garin da Na Zana da Alli

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasa, farin watan da bai taɓa gajiya da fitowa a kaina ba, uwar 'ya'yana, Likitata,

Na san a yanzu kin ɗaga gira, kina juya takardar nan gaba da baya don ki tabbatar rubutuna ne. Nawa ne. Shekara ashirin da uku muna tare, mafi tsawon abin da na taɓa rubuta miki shi ne "na tafi aiki, makulli yana wurin maƙwabciya". Yau kuwa sai kin nemi kujera. Ke ungozoma ce ina kiranki Likita, ni magini ne kina kirana Injiniya, mun ƙara wa juna girma a gida ba da sa hannun kowa ba, kuma mun zauna lafiya. Da baki na so in yi miki wannan magana, amma na san halina, na san naki. Ina farawa za ki ce in bar zancen, ki ajiye mini shayi, ni kuma in bari kamar yadda na saba. Takarda ba ta shan shayi, shi ya sa na aiko ta.

Na ga wasiƙar. Ranar Laraba ina neman reza a aljihun tebur na same ta a ninke, har kin sa hannu. Amsarki ce ga asibitin nan na ƙasar waje da ya kira ki ki koyar da ungozomomi na shekara biyu, wanda yake jiran e ko a'a ranar Litinin. Da Faransanci kika rubuta, kina ganin ko na gani ba zan gane ba. Da wata uku baya ne, da kin yi gaskiya. Amma na tsinci kalmomi uku a ciki: l'hôpital, wato asibiti, da merci, na gode, da mon mari, mijina. Sauran kuwa fuskarki ta daɗe da fassara mini shi. Kin ce musu ba za ki zo ba, kuma ni ne dalili.

Kin tuna ranar da ambulan ɗinsu ya iso? Kina ɗakin girki, ludayi a hannu, kika karanta sau biyu, sai kawai na ga Likita guda tana taka rawa tsakanin murhu da ƙofa har abincin ya kama. Mun ci shi da ƙaurinsa, ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba! Shekara huɗu kin yi kina tashi bayan asuba ki zauna a teburin nan da littattafai, kina lanƙwasa harshe, ni ina kwance kamar mai barci, alhali sauraronki nake yi, muryarki tana tashi tana sauka kamar kukan tantabara a kan rufi. Wa ya fi ni sanin abin da takardar nan ta ci miki?

Kwana uku bayan zuwan takardar, yayarki ta zo. Kuna falo, ni ina bayan taga ina gyaran famfo, ba ku san ina nan ba. Na ji ta yi miki murna, sannan ta rage murya ta ce, "To shi kuma fa? Mutumin da ko a nan ba ya tambayar hanya, can sai dai ki riƙa kulle shi a ɗaki in za ki fita." Kika yi dariya. Na san dariyarki kala-kala, wannan ba ta cikin masu daɗin. Na ɗaure famfon har na karya shi.

Abin haushin shi ne yayar taki ba ta yi mini ƙazafi ba. Lokacin da muka kai babbar 'yarmu jami'a kika aike ni sayen magani, na yi awa biyar ina zagaya unguwa ɗaya, girman kai ya hana ni buɗe baki. Da kika same ni a tashar mota, sai na yi kamar tsagewar bango nake dubawa. Kika tsaya kusa da ni kika taya ni duba bangon, don kada in ji kunya. Ban kuma manta da shekara goma sha biyu da suka wuce ba, da kika sami gurbin ƙaro karatu, ni kuma na faɗo daga saman bene na karye. Kika ninke waccan takardar ma, kika yi wata takwas kina juya ni a gado, har yau ba ki taɓa yi mini gorin haka ba. Sau ɗaya ya isa, Likita. Ba zan iya ɗaukar na biyu ba.

Ga asirin da na ɓoye miki. Ƙarin aikin da na ce na samu ranakun Talata da Alhamis da Asabar bayan la'asar, ba siminti a cikinsa. Makaranta nake zuwa. Wata dattijuwar malama ce da ta yi ritaya, tana koyar da Faransanci a wani ɗaki a saman shagon tela, da fanka mai ƙara fiye da iska. Mu shida ne, ni ne mai furfurar ajin. Kusa da ni wani direban tirela yake zama, mutum mai barkwanci, duk kalmar da aka koya mana sai ya ce ya taɓa wucewa ta gabanta da kaya. Tun ranar farko na gaya wa Malama ta ajiye mini dogayen gaisuwa tukuna, ta ba ni gine-gine, su na sani. Ta dube ni ta saman tabarau, ta buɗe shafin.

Ashe duk abin da na yi rayuwata ina ɗorawa bulo kan bulo yana da wani suna da ban sani ba! Na gina l'école har guda huɗu ina ce mata makaranta. Na zuba rufin la pharmacie, kantin magani, na yi wa la mosquée, masallaci, shafe kyauta, na faɗo daga un immeuble, wato bene, da a lokacin na san sunansa da wataƙila na faɗo a hankali. La gare tasha ce, le marché kasuwa, la poste gidan waya, la boulangerie wurin gasa burodi, ita kuwa sai da na yi mako guda kafin harshena ya yarda ya bi ta ciki. Amma kaina ba ya riƙe abin da ke takarda. Ni sai na taka abu da ƙafa nake saninsa.

Saboda haka na ɗauki taswirar da suka sako miki a ambulan, ta unguwar da za su ba mu gida, na kai aka yi mini kwafi na mayar da taki inda take. A benen da nake ginawa yanzu, hawa na uku ba a ta da bango ba tukuna, fili ne fetal na kankare. Na sayi alli, na ja igiyar awo, na zana unguwar kaf a ƙasa, titi titi, kwana kwana, kowane gini da sunansa. Idan an tashi cin abinci sai in hau sama in fito daga ƙofar gidanmu. In miƙe tout droit, wato kai tsaye, in wuce wurin burodi, in karya à gauche, hagu, a gaban kantin magani, ga kasuwa à droite, dama, ga asibitinki en face, yana fuskantar tasha. Ina tafe ina faɗa da ƙarfi. Leburori suka fara raɗa cewa rana ta taɓa oga.

Ranar nan mai ginin ya hawo bagatatan, ya tsaya daidai inda ɗakin barcinsa zai kasance, ya ga an rubuta le commissariat, ya tambaye ni mene ne. Na ce ofishin 'yan sanda. Ya dube ni, sai na ba shi labari tun daga farko. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in ci gaba da zanena, amma don Allah in mayar da 'yan sandan wajen matattakala. Ban mayar ba. A taswira nan suke, kuma ba zan koyi garinki a karkace ba.

Kada ki ɗauka ban sha kunya ba. Makon jiya Malama ta yi mana gwaji, tana ɗaga hoto muna faɗin suna. Na ci goma sha ɗaya a jere, kaina ya fara kumbura. Sai ta ɗaga wani gini mai faffaɗan tagogi da 'yar siririyar ƙofa da matattakala bakwai a gabanta. Na ce l'école. Ta ce l'hôpital. Na ce sam, ta wace ƙofa gadon maras lafiya zai shiga, kuma wa zai hau da mai naƙuda matattakala bakwai? Wanda ya zana wannan bai taɓa riƙe cokalin gini ba. Direba ya faɗo daga benci don dariya. Malama ta sa yatsa a saman hoton, inda aka rubuta sunan ginin ɓaro-ɓaro, ni kuwa ina can ina auna ƙofa ban gani ba. Ta ce, "Malam, a garin da za ka ba kai ka gina ba. Ka karanta allo, in bai ishe ka ba ka tambaya."

Daga nan ta tsayar da ni a gaban aji, ta ce in tambayi direba hanyar tasha. Likita, na ɗauki buhun siminti biyu a kafaɗa ina saurayi, bai kai wannan nauyi ba. Kalmomin na san su sarai, roƙon ne ya ƙi fita. Sai na tuno ki tsaye kina taya ni kallon bango, na buɗe baki na ce, pardon, où est la gare? Sau goma ta sa na maimaita. A na goma har murmushi na yi, direba kuma ya tura ni hagu da gangan, na gane, na ce masa ƙarya yake yi.

Ya ke wadda nake gani in ji kamar an yaye mini hadari, ya bishiyar da na jingina da ita shekara da shekaru ban taɓa jin ta motsa ba, me kike tsoro kuma? Za ki ce aiki fa. Duk inda mutane suke zaune bango yana tsagewa, kuma tsagewa ba ta da yare. In ban samu da wuri ba, zan sayo burodi da safe, in share gida, in koyi girkin da zai fi wanda ya kama, in kawo miki har ƙofar asibiti da ƙafata. Za ki ce yara fa. Babba tana ɗakinta, Auta tana jami'a, ita ce ma ta saya mini ƙamus ta rantse ba za ta gaya miki ba. Gidan kuwa a bar wa Yaya makulli, tunda ta iya zancen kulle ƙofa.

Ban ce na iya Faransanci ba. Kalmomina ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, yawancinsu masu rufi da ƙofa ne, kuma Malama ta ce in na yi magana kamar ana juye tsakuwa daga tifa. Amma raina fes yake, rabon da in ji daɗin wani aiki haka har na manta. Ina kwana ina tashi da farin ciki, kamar yaron da ya ɓoye kyauta a bayansa yana jiran a juyo.

Wasiƙarki ban taɓa ta ba, tana inda kika ajiye. Hukunci naki ne, kamar yadda wahalar karatun ta kasance taki. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Gobe Lahadi ba kowa a wurin ginin. Ki zo da hantsi, in riƙe hannunki mu hau hawa na uku, ki tsayar da ni duk inda kika ga dama, ki rufe mini ido da gyalenki, ki ce in kai ki kasuwa, ko tasha, ko gidan waya. In na kai ki, ki zauna a kan bulo ki rubuta musu sabuwar amsa, na tanadi farar takarda da biro.

In kuma na ɓata, na kai ki wurin 'yan sanda maimakon kasuwa, ki yi dariyarki ta gaske, sannan duk da haka ki rubuta musu e. Gara in yi shekara biyu ina tare mutane a titi ina tambayar hanya, da in ƙare rayuwata a garin da na san kowane lungunsa, ina kallonki kina ajiye mini shayi kamar ba abin da kika rasa.

Naki tun ina da baƙin gashi, naki a wannan gari da wancan, naki har ranar da za a daina kirana in amsa,

Injiniyanki