Ƙwaryar da Joyce Take Ɗanɗanawa

Monguno, 4 ga Yuli

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin ladabi. Yaya jiki, yaya damina a Rikoto? Yaya matata Joyce da ɗanmu Divine? Mu dai muna nan bakin daga, da sauƙi.

Mama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, na gaji da kewaye-kewaye. Sau uku kina ce mini Joyce ta daina sha. To me ya sa wayarta kullum tana hannunki? In ma kin ba ta, harshenta da nauyi. Kofur Prosper, mai kawo miki wasiƙar nan, ya gan ta a hutunsa na baya, hannu na rawa, idanu sun yi rawaya.

Kowa ya san mai sayar da burkutu sai ta kurɓa a gaban mai saye kafin ta miƙa masa. Tun Joyce tana budurwa kika ɗora ta kan aikin nan. Zargina shi ne kina ɓoye ciwonta, don in an kwantar da ita, wa zai zauna miki gaban tulu?

Na yi magana da wani likita a Birnin Kebbi. Ya ce kada ta yanke sha lokaci ɗaya a gida, akwai haɗari, a kawo ta asibiti. Prosper zai raka ku ranar Talata. Shekara bakwai na yi golmo, ina noma gonar Baba, mijinki, don a ba ni auren Joyce. Ba zan zauna nan tana ƙarewa ba.

Surukinki,
Philip

Monguno, 29 ga Yuli

Zuwa ga Mama,

Ina gaishe ki. Yaya jinya, yaya gajiyar hanya? An ce Joyce ta fara cin abinci, na gode wa Allah.

Prosper ya dawo. Ya ce tun Afrilu kika bar dafa burkutu, har kaji na ƙwai a tukwanen. Ashe wayar kin riƙe ne don kada ta sayar ta je ta sha a wani gida. Ya ce a cinyarki ta kwanta har Birnin Kebbi.

Ban ce na saki jiki ba. Bikin Uhola na tafe, za a roƙe ki ki ɗora tukunya, kuma na san ba kya iya ce wa dangi a'a. Zan ci gaba da tambaya.

Amma na zalunce ki, ki gafarce ni. Akwai abin da na tsallake a waccan wasiƙar. Lokacin da nake neman Joyce, ni ne nake sayen ƙwarya bayan ƙwarya, ba don ƙishi ba, don dai ta tsaya gabana ta kurɓa ina kallonta. In likita ya tambayi inda abin ya fara, ki sa sunana.

Surukinki,
Philip